A Babban Yatsa Ake Gane Gwanin Tabarau

Kusan duk wanda aka sanya wa tabaran nan masu kwamfuta a karon farko, abu ɗaya yake yi: ya miƙa hannu zai taɓa abin da yake gani. Ga allo nan ɓaro-ɓaro a gabansa, rataye a iska tsakaninsa da bangon ɗaki, ga rubutu, ga hotuna, ga maɓallai, amma yatsansa sai ya ratsa su ya wuce. Babu komai a wurin. Hoton daga wasu 'yan mitsi-mitsin alluna biyu yake fitowa a cikin tabaran, madubai su karkato shi zuwa ƙwayar ido har ya zama tamkar yana can gaba. Mutum yana ganin ɗakinsa na zahiri, yana kuma ganin hoton da aka ɗora a kai. Wannan ce fasahar da ake taƙaita sunanta da AR, wadda injiniyoyin kamfanin Boeing, Tom Caudell da David Mizell, suka gwada a farkon shekarun 1990 domin ma'aikatan da ke harhaɗa wayoyin lantarkin jirgin sama.

To ta yaya ake danna abin da babu shi? Tabaran ake yi wa talla, su ake ɗauka a hoto, amma ni abin da ya fi burge ni yana ƙasa, a kan cinyar mai sanye da su: hannu ɗaya riƙe da wata 'yar na'ura, ko ma wayar salula, yana aiki ba tare da an kalle shi ba.

Sai da aka sha wahala kafin a gane darajar wannan hannun. Google Glass, wanda aka fara sayarwa a 2013 a kan dala 1,500, a jikin hannun tabaran na dama aka sa wurin shafawa, don haka duk lokacin da mutum zai shafa sai ya ɗaga hannu zuwa gefen fuska. HoloLens na Microsoft ya zo a 2016 da wata dabara: ka saita abu da motsin kanka, ka ɗaga hannu a gaban kyamara, ka sauke manuniya kamar mai danna iska. Abin ya yi kyau a bidiyon talla. Sai dai hannun ɗan Adam, daga kafaɗa zuwa yatsu, ya kai kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato wajen kilo uku da rabi ga mai kilo 70. Ka riƙe wannan nauyin a miƙe na 'yan mintoci, kafaɗarka za ta ba ka labari. Microsoft ma sun san haka, shi ya sa a cikin kwalin HoloLens suka haɗa da wani ɗan abin dannawa mai suna Clicker, mai madauki da ake zura yatsa a ciki, domin mutum ya sauke hannunsa ya danna daga inda yake.

Wanda ya fi yaɗa al'adar sarrafa tabarau da waya shi ne kamfanin Nreal na birnin Beijing, wanda Chi Xu ya kafa a 2017, aka kuma sauya masa suna zuwa Xreal a 2023. Tabaransu na farko, Nreal Light, ya fita kasuwa a Koriya ta Kudu a watan Agustan 2020. Ana jona shi da waya ta kebul, wayar ta ba shi wuta da hoto, sannan ita kanta ta rikiɗe ta zama abin sarrafawa. Fuskarta ta koma filin shafawa, daga bakinta kuma wani siririn layin haske ya fita a cikin hoton. Duk inda ka karkata wayar, can layin zai nufa. Inda ya sauka ka taɓa fuskar wayar da babban yatsa, an danna.

Da jin haka mutum zai ce ai wannan wasan yara ne. A bari dai a ga hannun ɗan koyo.

Ɗan koyo yana ɗaga hannun gaba ɗaya. Yana son layin ya je dama, sai ya kai hannunsa dama, amma layin bai bi shi yadda ya zata ba, sai ya ƙara miƙawa, ya kai gaba ya dawo baya, yana mamaki. Abin da bai sani ba shi ne, wayar ba ta san inda take a cikin ɗakin ba. Inda ta fuskanta kaɗai ta sani. A cikinta akwai ƙananan ma'aunai uku: ɗaya yana jin saurin juyawa, ɗaya yana jin fizga da jan ƙasa, ɗaya kuma kamfas ne mai jin maganaɗisun duniya. Daga waɗannan ukun take gane an ɗaga bakinta ko an sauke, an juya ta dama ko hagu, an kuma kishingiɗa ta gefe. Motsi iri uku ke nan. Amma a ɗauke ta cak a matsar da ita taku ɗaya ba tare da an juya ta ba, wannan ba ta iya lissafa shi da kyau, don haka manhajar ba ta kula shi. Duk wahalar da kafaɗar ɗan koyo ta sha, a banza ta sha.

Gwani kuwa ka gan shi a zaune. Gwiwar hannunsa tana manne da haƙarƙari, ko tana kan hannun kujera. Bayan hannunsa yana kwance a cinya. Wayar tana kwance a kan yatsu huɗu, ba a damƙe ba, ɗan ƙaramin yatsa ya tokare ta daga ƙasa, babban yatsa yana shawagi a saman gilashin. Wuyan hannu ne kaɗai ke aiki, shi ma da ƙyar ake ganin motsinsa. Wanda ke kusa da shi zai ɗauka hutawa yake yi, alhali a cikin tabaran ya buɗe taga, ya ja ta gefe, ya faɗaɗa wata, ya gungura shafi har ƙarshe.

Ƙanƙantar motsin nan tana da dalili, kuma lissafinsa yana da daɗi. A ɗauki tabaran Xreal Air, mai nauyin giram 79, wanda ke nuna allon da kamfanin ya ce daidai yake da talabijin mai inci 130 a nisan mita 4. A wannan nisan, juyi na digiri ɗaya tak yana matsar da bakin layin kusan santimita 7. Digiri ɗaya kuma a hannu nawa ne? Idan tsawon wayar santimita 15 ne, bakinta ya gusa da milimita biyu da rabi, an yi digiri ɗaya. Faɗin allon ɗigon hoto 1,920 ne, an shimfiɗa su a kan digiri 40 ko kusa da haka, don haka kowane digiri yana ɗauke da ɗigo kusan 50. Wato ɗan maɓallin rufe taga da ke can lungun sama, gaba ɗayansa bai wuce gusawar milimita biyu ko uku a bakin wayar ba. A cikin wannan 'yar tazarar gwani yake aikinsa, sau ɗaruruwa a zama ɗaya.

Ga shi kuma hannun mutum ba ya tsayawa cik. Kowane mai lafiya yana da wata 'yar karkarwa da ido bai cika gani ba, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, tana ƙaruwa da gajiya da sanyi da fargaba, da kuma yawan kofi ko goro. Layin hasken yana tona ta, domin nisa yana ninka ta. Masu rubuta manhaja suna tace ta da lissafi. Wata sananniyar dabara da Géry Casiez da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 tana tacewa sosai idan hannu yana tafiya a hankali, ta sassauta idan ya yi sauri, saboda duk tacewa tana jawo ɗan jinkiri. Gwani bai san sunan dabarar ba, amma hannunsa ya san halinta. Ya san idan ya lallaɓa, layin zai natsu, don haka yakan yi tafiyarsa kashi biyu: fizga ɗaya mai sauri zuwa kusa da abin, sannan 'yar lallaɓawa ta sauka a kai. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Paul Fitts, ya auna wannan tun 1954, ya sa mutane suna dangwala tsinken ƙarfe tsakanin faranti biyu, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya danganta ne da nisan abin da kuma faɗinsa. Shi ya sa za ka ga gwani, kafin ya fara aiki mai yawan danne-danne, ya ƙara girman tagar tukuna. Ya sauƙaƙa wa hannunsa hanya tun kafin a fara tafiya.

Sai babbar jarrabawa, wato dannawar kanta. Ka saita layin daidai, ya zauna a kan maɓallin, ka sauke babban yatsa, sai bugun yatsan ya sunkuyar da bakin wayar, layin ya zame ƙasa, ka danna abin da ba ka nufa ba. Doug Bowman na jami'ar Virginia Tech da abokan bincikensa sun yi rubutu a kan wannan matsalar tun 2001, har yau kuma tana nan. A nan ne nake ganin gwaninta tsantsa. Gwani ba ya jefo yatsa daga sama. Yakan kusanto da shi har ya kusa shafar gilashin tun layin yana hanya, ta yadda dannawar ba ta wuce 'yar taɓawa ba. Yakan kuma sa manuniyarsa a bayan wayar daidai ƙarƙashin inda babban yatsan zai sauka, sai ƙarfin sama da na ƙasa su haɗu su kashe juna, wayar ba ta ji komai ba. Matsi ne tsakanin yatsu biyu, waya tana tsakiya. Ba a rubuta wannan a takardar da ke cikin kwali. Hannu ne yake gano shi bayan ya yi ta ɓata.

Akwai kuma bauɗewa. Ma'aunin juyawa saurin juyi yake ji, manhaja ta riƙa tara lissafin domin ta san inda aka fuskanta, kuma kowane ɗan kuskure yana taruwa a kan na baya. Ta sama da ƙasa abin da sauƙi, domin jan ƙasa yana nan kullum yana gyara lissafin. Ta dama da hagu kuwa babu mai gyara sai kamfas, shi kuma ƙarfen tebur ko lasifika ko rodin gini na iya ruɗa shi. Saboda haka bayan wani lokaci za ka ga waya tana kallon gaba, layi yana kallon gefe. Maganin yana nan a kusan kowace manhaja: wani wuri da ake dannewa a riƙe, layin ya dawo tsakiya. Ɗan koyo yana jin haushin wannan, yana ganin na'urar ta lalace. Gwani ya mayar da shi abin amfani. Tunda duk inda wayar ta fuskanta a lokacin saitawa nan ne zai zama tsakiya, sai ya fara gyara zamansa, ya ajiye hannu inda ya fi masa daɗi, ya miƙe kansa, sannan ya saita. Idan ya kishingiɗa ya sake, idan ya sauya hannu ya sake, ba tare da ya ma lura ya yi ba. Haka idan yana cikin mota ko jirgin ƙasa, ya san na'urar ba ta bambance juyawar kansa da juyawar motar, allon da aka kafe a wuri ɗaya zai sulale gefe a kowace kwana. Tun kafin a tashi yake mayar da allon ya riƙa bin kansa.

Kai ma yana da nasa aikin. Idanun mutum biyu suna ɗaukar faɗin da ya kai wajen digiri 200, amma hoton Xreal Air digiri 46 ne daga lungu zuwa lungu, na tabaran Magic Leap 2 kuma 70. Ta 'yar taga ake leƙen wannan duniyar. Idan hannu ya riga kai, layin sai ya fice daga tagar ya ɓace, mutum ya shiga lalube. Gwani kansa ne ke yin gaba, hannu ya biyo, su isa kusan tare. Idan kuma layin ya ɓace masa, ba ya waige-waige, yakan dawo da hannu mazauninsa na farko, ya san a can zai same shi.

Duk wannan kuwa ba tare da kallon hannun ba, kuma a nan ne wayar salula ta fi wuya, domin fuskarta sumul take, babu tudu babu kwari da yatsa zai kama. Mai jan carbi ba ya duba ƙwayoyin, babban yatsansa ya san tazarar kowace da kowace, hankalinsa yana wani wuri mafi girma. Haka babban yatsan gwani ya haddace gilashin. Yana auna wuri daga gefen wayar da daga inda kebul ya shiga, yana kuma sauraron 'yar girgizar da wayar ke yi idan layi ya hau maɓalli ko an danna. Wannan girgizar ita ce amsar da iska ba ta iya bayarwa, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da na'urar hannu take da ita a kan ɗaga yatsu a gaban kyamara: ka danna, ka ji a fatarka cewa ka danna.

Rubutu dai har yanzu ƙashi ne a wuya. Tsintar haruffa ɗaya bayan ɗaya da layin haske aiki ne mai cin rai, balle ga mai rubuta Hausa da ke neman ɗ da ƙ da ɓ. Gwani ba ya jayayya da wannan. Yawancin tabaran nan a buɗe suke ta ƙasa, sai ya sauke ido ta ƙarƙashin gilashin ya yi rubutunsa a allon wayar yadda ya saba, ko ya jona allon rubutu na Bluetooth idan aikin mai tsawo ne. Sanin inda kayan aiki ya gaza yana cikin iya aiki da shi.

Wanda ke son ganin wannan fasaha a wurin da kuskure ke da tsada, ya dubi masu tuƙa ƙananan jirage marasa matuƙi da tabaran Moverio BT-300 na kamfanin Epson na Japan, wanda ya fito a 2016. Dokar da Amurka ta kafa a wannan shekarar ta wajabta cewa mai tuƙa irin jirgin nan don kasuwanci, ko mai taya shi lura, ya riƙa ganin jirgin da idonsa. Amma hoton da kyamarar jirgin ke ɗauka a allo yake, allon kuma a ƙasa yake, rana tana dukansa. Da tabaran, matuƙin yana tsaye kansa a sama, yana ganin jirgin ɗan ɗigo a sararin samaniya ta cikin gilashin, a gefensa kuma ga abin da jirgin ke gani. Manyan yatsunsa biyu suna kan sandunan rimot. Idan zai sauya wani saiti na kyamara, yatsa ɗaya ya sauka kan 'yar na'urar Epson ɗin, wadda ba ta da allo sam sai filin shafawa, ya ja 'yar kibiya zuwa inda yake so, ya taɓa, ya koma kan sanda, idonsa bai bar sama ba. Mutum ɗaya, na'ura biyu a hannu, gani biyu a ido. Wannan ya cancanci a yaba masa.

Akwai na'urorin hannu da suka san inda suke a sarari, ba fuskantarsu kaɗai ba. Ta Magic Leap One ta 2018 da maganaɗisu ake bibiyarta, tana da kunama ta manuniya da filin shafawa na babban yatsa. Ta Magic Leap 2 ta 2022 kuma kyamarori ne a jikinta da fitilun da ido ba ya gani. Da irin waɗannan mutum na iya miƙa hannu ya kama hoton injin da ke tsaye a tsakar ɗaki, ya juya shi, ya zare wani sashe ya duba bayansa. A nan an halatta wa kafaɗa ta motsa, amma ko a nan ɗin za ka ga wanda ya daɗe yana yi yana jawo abin kusa da ƙirjinsa ya yi aiki, gwiwar hannu a ƙasa.

Ba kowane wuri na'urar hannu ta dace ba. Likitan da ke tsakiyar tiyata ba zai taɓa ta ba, makanikin da hannayensa biyu ke cikin inji ba shi da na ukun da zai riƙe ta. Su murya ko ido ko motsin kai ya fi musu. Kamfanonin ma suna ta neman yadda za su raba hannu da riƙo. Apple Vision Pro na 2024 da ido ake saitawa, a haɗa yatsu biyu a danna. Meta kuma, bayan ta sayi kamfanin CTRL-labs a 2019, ta fitar da tabaran Meta Ray-Ban Display a watan Satumban 2025 a kan dala 799, tare da wani abin ɗaurawa a wuyan hannu mai karanta 'yar wutar da ke bi ta cikin tsoka idan yatsa ya motsa. Amma a duba yadda ake amfani da su duka biyun: hannu a cinya ko a gefen jiki, motsi ɗan kaɗan, ido a wani wuri. Abin da masu riƙe waya suka koya wa kansu shi ne injiniyoyi suke ginawa a cikin sababbin na'urori. Apple ɗin ma a 2025 ta buɗe wa na'urarta hanyar aiki da abin riƙewa na PlayStation VR2, domin akwai ayyukan da sai da abu a tafin hannu.

Mai karatu, idan sha'awar abin ta kama ka, kada ka fara da tabaran, fara da wayarka. Irin tabaran da ake jonawa da kebul suna buƙatar wayar da ramin cajinta na USB-C yake fitar da hoto ta tsarin DisplayPort. Manyan wayoyin Samsung Galaxy S suna yi, iPhone 15 ma tana fitar da hoton, amma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu ba sa yi, ko da ramin nasu iri ɗaya ne a ido. Ko wadda ke fitar da hoton ma, a tabbatar manhajar tabaran tana aiki a kanta. Ka kuma sani wayar ce za ta riƙa ciyar da tabaran wuta, za ta yi zafi, batir zai yi saurin sauka, ramin caji kuma a toshe yake da kebul, dalilin da ya sa Xreal ta yi wa na'urarta Beam Pro ta 2024, mai maye gurbin wayar, rami biyu ke nan. Ka sa mai shago ya jona maka a gabanka, ka ga hoton da idonka kafin ka ƙirga kuɗi. Idan ka kai gida, ka koya a zaune, gwiwar hannu a jingine, kuma kada ka sa su kana tuƙi ko kana tsallaka titi.